Ranar da na kai wa maƙeri takobin Klingon

A teburin mai shayi musun ya tashi, bayan isha'i, ranar da babu wuta babu ƙwallo. Mu uku ne muka ɗauki Star Trek, shirin talabijin na masu yawo a sararin samaniya, da zafi a unguwarmu nan Argungu: ni, da abokina malamin firamare, da ƙanin matata mai gyaran waya, wanda shi ya fara tura mana shirin a memori.

Malam ɗan gani-kashe-nin phaser ne, 'yar bindigar hasken da ake riƙewa a shirin. Ya ce tun da aka fara shirin a 1966 ba a ƙirƙiro makami mai hankali kamarta ba: ka murɗa kaɗan ta sumar da mutum, ka ƙara murɗawa ta aika shi barzahu. Na ce abin da ya yi kama da rimot ɗin talabijin ba ya shiga sahun makamai. Makami shi ne bat'leth, takobin Klingon, wato ƙabilar mayaƙa masu tudun goshi a shirin. Siffarsa ta jinjirin wata, tsini huɗu, mariƙi uku, kuma Worf, wani jarumin Klingon, ne ya fara fitowa da shi a 1990. Na ƙara da cewa Dan Curry da ya zana shi ya koyi wasannin faɗa a Asiya, ba da ka ya yi ba.

"Mutanen da jirginsu ya fi haske gudu, mi ya kai su sara da ƙarfe?" in ji Malam. "Kamar matuƙin jirgin sama ne ya sauko ya ɗaure wa jaki mangala."

Surukina ya so ya sako Dalek, dodon wani shirin daban mai suna Doctor Who, muka haɗa baki muka kore shi. Dodon da hannunsa ɗaya robar buɗe toshewar bututu ce, wanda sai a 1988 aka nuna shi yana hawa matakala, ba ya da ta cewa a gaban manya.

A nan bakina ya ja mini. Na ce zan sa a ƙera bat'leth, in kawo shi teburin nan, kowa ya gani da idonsa.

Washegari na kwafi hoton a bayan tsohuwar kalanda na nufi maƙera. Baba maƙeri ya dakatar da yaron da ke zuga, ya karɓi takardar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Wanga lauje ne na ƙattai?"

"Takobi ne, Baba."

"Ina kubensa?"

Na yi shiru. Shekaru ina kallon shirin, ban taɓa tambayar kaina wannan ba.

"To ina gabansa, ina bayansa? In ka kai sara da wanga tsini, wancan ina ya nufa?" Ya ɗora yatsa a kan tsinin ƙasa, ya ja shi a iska har ya dire a cikina. Na ce ai jarumai ne ke riƙe shi. Ya ce jarumi ma hanji gare shi.

Duk da haka ya karɓi aikin, don mai kuɗi ba ya rasa gaskiya a maƙera. Na ba shi awon da aka faɗa a Deep Space Nine, ɗaya daga cikin shirye-shiryen Star Trek, tsawo santimita 116, nauyi kilo 5.3. Baba ba ruwansa da kilo. Ya samo sifirin na tsohuwar mota, ya kwana huɗu yana dukansa a kan uwar maƙera, abin da ya fito sai da na sa hannu biyu da bismilla kafin ya bar ƙasa. Amma fa ya yi kyau. Ko Worf ya gani sai ya taya.

Na bari sai dare don in ba Malam mamaki. Na cusa shi a buhun shinkafa, tsini biyu suka huda suka leƙo, na saɓa a kafaɗa. Ban yi nisa ba tocila uku suka haske ni. 'Yan sintirin unguwa ne. A irin wannan zamani, mutum da dare da buhu mai tsini, ba sai an yi dogon bayani ba.

"Aje shi! Mi ke ciki?"

Da suka zazzage buhun, sai da babbansu ya ja da baya taku biyu. Baki na rawa na ce na Klingon ne.

"Su Kilingon ɗin nan wane daji suke?"

Na ce ba daji ba ne, wata duniya ce a sama. Wannan amsar ce ta kai ni zauren mai unguwa, ina tsugune, takobina a gabana kamar kayan shaida. Aka taso surukina ya zo da waya. Mai unguwa ya sa tabarau ya kalli faɗan Worf na minti biyu, ya tambaya ko goshin bawan Allahn nan ciwo ne. Sannan ya ce tunda wasa ne, in gwada yadda ake yi.

Na miƙe, na kama mariƙi biyu, na juya shi yadda na gani sau ɗari a waya. Tsinin sama ya kwashe fitilar zauren. Na ƙasa ya bi ta inda Baba ya nuna da yatsa, ya tsarge shaddata ta Sallah daga aljihu har gwiwa. Allah ya kiyaye hanjin. Cikin duhu na ji mai unguwa yana cewa a sallame ni, wanga ba ya iya cutar kowa sai kansa.

Na biya kuɗin fitila. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta dai karɓe takobin ta ɗaure shi da igiya tsakanin turaku biyu a tsakar gida.

Bayan sati Malam ya zo yi mini jaje. Ya tarar da tarwaɗa huɗu a soke, kowane tsini da tasa, tsumman kicin na lilo a mariƙan uku. Ya zagaya shi sau biyu yana gyaɗa kai.

"Na janye maganata," ya ce. "Phaser ba ta shanya kifi."