Tsoro ne uban surkulle

Wallahi raina ya ɓaci da bidiyon nan da kuke ta yaɗawa, na mutumin da ke gunguni a kan kofin ruwa yana cewa kalmomin sirri ne da aljanu suka ba kakanninsa, wai duk mai so ya biya a koya masa. Har da masu digiri cikin masu tafa masa! Haba jama'a!

Surkulle tsoro ne ya haife shi, kuma ko'ina haka tarihinsa yake. Kalmar abracadabra da ake ta yi wa kallon abin al'ajabi, a littafin magani na wani likitan Rum, Serenus Sammonicus, aka fara ganinta, wajen ƙarni na 3. Me aka ce a yi da ita? A rubuta ta a layi, a sake rubutawa ƙasa ana cire harafi ɗaya, har ya rage harafi guda, sai a rataya wa mai zazzaɓi a wuya, wai yadda kalmar ke raguwa haka ciwon zai ragu. Lokacin annobar Landan ta 1665 mutane sun ci gaba da rataya ta. Mutum ne yana kallon ɗansa na rawar ɗari, ba shi da magani, sai ya kama kalma.

A Indiya ma Atharvaveda, wani tsohon littafin addinin Hindu, cike yake da kalaman korar zazzaɓi. Ɗaya daga cikin tsofaffin surkullen Jamus da aka samo a garin Merseburg, don ƙafar doki da ta gurɗe aka yi shi. Kullum ciwo ne, kullum tsoro ne.

Kada wani ya zo mini da "ai ya yi wa wance aiki". Zazzaɓin cizon sauro da ma yakan sauka ya dawo, sai boka ya ɗauki yabon saukarsa. Kada kuma a ce na musanta sihiri, Alƙur'ani ya ambace shi, kuma bai ce a saye shi ba. Ni abin da ke ci mini rai, mutumin nan tsoron iyaye mata yake sayarwa, waɗanda suka kwana ba barci a gefen jariri.

Wai ma mutane nawa cikinku suka san sai a 1897 wani likitan Birtaniya, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauro? Dubban shekaru ana karanta wa zazzaɓi surkulle, shi kuwa sauro yana nan yana kuka a kunne, ba kasafai ake zarginsa ba.