Tsugunen sumo da yaron da aka kunyata a Kawukudi

Abin da ya faru a filin ƙwallo na Kawukudi da ke Accra ranar Asabar da safe har yanzu yana ci mini rai. Yaro ya ware ƙafafu, ya rungumi jarkar ruwa a ƙirji yana tsugunen sumo, sai mai horar da su ya daka masa tsawa a gaban tsaransa, wai wannan atisayen mata ne masu neman girman mazaunai. Yaron ya ajiye jarkar, ya sunkuyar da kai, bai ƙara ko tsuguno ɗaya ba har aka tashi.

Malam, da girmanka, ka yi kuskure, kuma kuskuren a jikin yaran nan zai fito. Sunan tsugunen ma daga 'yan kokawar sumo na Japan aka samo shi, ƙartin da da yawansu sun haura kilo 150, waɗanda kullum suke ɗaga ƙafa ɗaya sama su buga ta ƙasa sannan su nutsa cikin tsuguno, abin da suke kira shiko. Ko a kokawarmu ta gargajiya, wa ya taɓa ganin gwani ya shiga da'ira ƙafafu a haɗe? Wanda ya ware ƙafa ya sauke ƙugu shi ne mai wuyar kayarwa.

Idan aka ware ƙafafu fiye da faɗin kafaɗa, yatsu suka kalli waje da kimanin digiri 45, aka sauka baya a miƙe, diddige a manne da ƙasa, har cinya ta kwanta daidai da gwiwa, to tsokar cikin cinya takan ɗauki kaso mai yawa na aikin tare da ta mazaunai da ta gaban cinya. Wannan tsoka ta cikin cinya ita ce ke janyo ƙafa idan ɗan ƙwallo ya ba da fasin da cikin sawu, ita ce kuma ke riƙe shi idan ya yanke gudu ya juya farat ɗaya. Shi ya sa ciwon matsematsi yake cikin raunukan da suka fi zaunar da 'yan ƙwallo a benci. Mu a unguwannin Nima da Mamobi mun sha ganin yaro mai ƙafa yana tafiya a tattale, ana shafa masa man zafi, alhali tsokar ce tun farko ba a gina ba.

Za a ce mini gudu a yashin bakin tekun Labadi ya wadatar. Gudu yana ba da numfashi, amma gaba kawai yake kai mutum, ita kuwa ƙwallo har da gefe ake buga ta. Za a ce tsugunen sumo yana lalata gwiwa. Gwiwa tana kuka ne idan aka bar ta ta karkato ciki, ko aka ɗora nauyin da ya fi ƙarfin yaro, kuma gyara wannan shi ne aikin mai horarwa.

Ku dubi Mohammed Kudus, ɗan ƙwallon Ghana, ɗan Nima da ya tashi a ƙungiyar Strong Tower kafin makarantar ƙwallo ta Right to Dream: mai tsaron baya yakan bangaje shi da kafaɗa, shi kuwa ya sauke ƙugu, ya ware ƙafa, ƙwallo na nan a sawunsa. Irin wannan tsayuwar yaron nan yake nema.

Jarkar ma dabara ce mai kyau, domin mai lita 20 idan ta cika ruwa nauyinta kilo 20 ne. Da ni ne zan ce masa ya fara da rabi, sau 10 a jere, ya huta, ya maimaita har zagaye 3. Asabar mai zuwa, in Allah ya yarda, zan zo filin da tawa jarkar.