Wutar daji ta fara zuwa ƙofar gidajenmu, a kafa 'yan kwana-kwana a unguwanni

Duk wanda ke bin hanyar Kaduna zuwa Zariya, ko ta Kachia, tsakanin Disamba da Fabrairu ya san abin da nake nufi. Hayaƙi a gefen titi, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, wuta na cin ciyawa babu mai ko waiwayarta. Mun saba da ita har ba ma kiranta gobara, sai mu ce ai ƙunar daji ake yi. Wani yana farautar gafiya, wani yana sharar gona, wani yana son sabon tsiro ya fito wa shanunsa, wani kuma guntun taba kawai ya yar ya wuce.

Da can wannan wutar tana cin dajinta ta mutu a dajinta. Yanzu gari ya bi daji ya same shi. Ku dubi ƙarshen Rigasa, bayan Mando, Rigachikun, Millennium City, Gonin Gora. Gida ɗaya an gama an tare, kusa da shi kango, kusa da kangon filaye uku da masu su ba su leƙa ba tun damina, ciyawa ta fi mutum tsawo kuma ta bushe ƙamas. A ƙauyuka abin ya fi tsanani, domin a wannan lokacin ne rumbu ke cike, kara da harawa na jibge a kan rufi ko a jikin danga. Wahalar shekara guda cur tana ajiye a inda tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

Ra'ayina shi ne kowace unguwa ta bakin daji da kowane babban ƙauye su samu ƙaramar rundunar kashe gobara ta mutanen wurin, waɗanda jami'an kwana-kwana na jiha suka horar, kuma a san aikinsu sarai: tsare gine-gine da rumbuna da fitar da mutane. Ba bin wuta cikin daji ba.

Na san za a ce ai akwai hukumar kashe gobara, akwai lambar kiran gaggawa ta 112. Haka ne, kuma ina ganin ƙimar ma'aikatan nan, suna shiga inda kowa ke gudu. Amma a yi lissafi da hankali. Jiharmu ta Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23. Motar kashe gobara kuma mota ce mai nauyi ɗauke da ruwa, sai ta taso daga inda take, ta ratsa cunkoson Kawo ko na Sabon Tasha, ta shiga lungun da direba bai taɓa shiga ba, wanda ba shi da suna balle lamba. Iskar hunturu kuwa ba ta jiran kowa. Kafin a gama yi wa direba kwatance ta waya, rufi ya riga ya rufta.

Kada wani ya ɗauka talaucinmu ne kaɗai ya jawo haka. A ranar 7 ga Janairun 2025 wuta ta tashi a yankin Los Angeles na Amurka, birnin da ke da motoci da jiragen kashe gobara irin waɗanda ba mu taɓa gani ba. Iska ta yi ƙarfin da a daren farko jiragen suka kasa tashi, famfunan kashe gobara a wasu tituna suka daina kawo ruwa, gine-gine fiye da 16,000 suka ƙone. A 2018 ma garin Paradise na jihar Kalifoniya ya kusa shafewa baki ɗaya, mutum 85 suka rasu. Abin da masu binciken irin waɗannan gobara suka daɗe suna faɗa shi ne, yawancin gidaje ba harshen wutar ne ke fara kama su ba. Garwashi ne da iska ke ɗaukowa daga nesa, ya sauka a kan busasshen ganye a jikin bango ko a kan rufi, ya yi ta ci a hankali. A wannan matakin bokitin ruwa ɗaya a hannun wanda ya san inda zai duba ya fi mota goma da za su iso bayan awa guda. Shi ya sa dokar Kalifoniya ta wajabta wa mai gida a irin waɗannan wurare ya rage ciyawa da itace har ƙafa 100 kewaye da gininsa. Ostireliya kuwa, jihar New South Wales kaɗai tana da 'yan sa kai kusan 70,000 a rundunarta ta kashe wutar daji, manoma ne da malamai da masu shago da ke ajiye aikinsu idan an kira.

Mu ma muna da tushen abin. Muna da masu unguwanni da dagatai da suka san kowane gida, sun san inda tsohuwa take kwance ba ta iya tashi, sun san gidan da ake ajiye jarkokin fetur. Muna da 'yan sintiri da ba sa barci da dare. Muna da 'yan ga-ruwa da kurarsu, waɗanda a gaskiya su ne ke fara kai ɗauki a gobara da dama, ba tare da an taɓa gode musu yadda ya kamata ba. Abin da babu shi ne tsari da horo.

Akwai masu tsoron cewa za a jefa matasa cikin haɗari, kuma ban raina wannan tsoron ba. Sai dai matasan nan tuni suna shiga, da silifas da ɗanyen ganye a hannu, ba wanda ya koya musu cewa ba a tsayawa ta inda iska ke kora wuta, ba a watsa ruwa a wutar fetur ko ta lantarki, kuma akwai lokacin da dole a bar gini a tsira da rai. Wanda aka horar ne ke sanin lokacin ja da baya. Wanda ba a horar ba zuciya kawai ke jan sa.

Kayan aikin ma ba sun fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba ne: takalma da safar hannu masu kauri, manjagara da shebur, famfon goyo irin na feshin gona, tankin ruwa ɗaya kusa da rijiyar burtsatse, da lambar waya guda da kowa a unguwa ya haddace. Babban aikin kuma tun kafin wuta ake yin sa. Da zarar ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, rundunar ta zagaya, a share fili kewaye da makarantu da asibitocin sha-ka-tafi da rumbuna, a sauke kara daga jikin ɗakunan kwana, a nemi masu filayen da aka bari su zo su nome ko su biya a nome musu.

Kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomin Igabi da Chikun, tunda mafi yawan unguwannin da na ambata a ƙasarku suke, ku za ku fara. Ku zauna da hakimai, ku zaɓi unguwanni biyu ko uku da ciyawa ta fi yi wa ƙawanya, ku gayyaci jami'an kwana-kwana su horar da rukunin farko kafin ƙurar hunturu mai zuwa ta sauka.