Fostar da na haɗa wa ɗan Yayata

Ni dai tun da na iya cire bayan hoto a Photoshop nake ɗaukar kaina cikakken mai dizain, har allunan talla in na gani a titi sai in tsaya ina girgiza kai ina cewa wannan bai san aikinsa ba. To labari ya kai kunnen Yaya, sai ga kira, wai ɗanta ya ishe ta da zancen Spider-Man, in taimaka in haɗa masa fosta babba da za a manna a bangon ɗakinsa, fuskarsa a jikin jarumin. Na ce Yaya ai wannan kamar an gama ne, turo hotonsa kawai.

Ta turo ta WhatsApp, shi kuwa WhatsApp matse hoto yake ya rage masa nauyi in ba a matsayin fayil aka turo ba, amma a sikirin ɗina yaron ya fito tas har da giɓin haƙorinsa, to me zai dame ni. Na shiga intanet na sauke Spider-Man yana lilo tsakanin benaye, faɗin hoton bai wuce fiksel 600 ba. Sai a nan na tuna ashe bawan Allahn nan ba ya buɗe fuska, tun 1962 da Steve Ditko ya zana shi a rufe take ruf har ido, kuma Yaya fuskar ɗanta take son gani. Ba wani dogon tunani, na fille kan Spider-Man na ɗora na yaron. Wuyan ya ɗan yi tsawo amma na ce in aka tsaya daga nesa ba wanda zai lura.

Da daddare nake aikin, sai na ga fatar yaron ta yi ja da yawa, na dinga rage ja ina ƙara kore da shuɗi har ta daidaita a idona. Sama kuma ta yi fili fayau ba komai, mai dizain kuwa ba ya barin fili haka, sai na saka hasken nan mai tambarin jemage da ake haskawa a gajimare. Wallahi da na ja baya na kalli abin sai da na ji tausayin masu ɗaukar ma'aikata a Marvel, kamfanin komik ɗin Spider-Man, da ba su san da ni ba.

Wajen mai bugawa aka fara samun saɓani. Ya buɗe fayil ɗin ya yi shiru, ya ce oga girman A1 ka ce? Na ce eh. Ya ce A1 fa milimita 594 ne a faɗi, 841 a tsawo, in ana son ya fito sumul a kan ɗigo 300 duk inci sai hoton ya kai wajen fiksel 7,000 a faɗi, naka kuwa ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba. Na ce Malam ai na ja shi ya cika shafin. Ya kalle ni ya kalli laftof. Ya ce kuma a RGB ka yi, sikirin da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, injin nan kuwa tawada huɗu yake sha, CMYK, shuɗin nan naka mai walƙiya ba zai fito haka ba. Sannan wai ban bar milimita 3 na wajen yanka ba. Ni a raina na ce mutumin nan so yake ya nuna min ya fi ni sani a gaban mutane, na ce Malam buga kawai, salo ne.

Ya buga.

Jama'a, benayen nan sun koma murabba'i-murabba'i kamar an jera bulo, jan rigar ya koma ruwan ƙasa, shuɗin ya yi duhu ya karkata wajen shunayya, wuƙar yanka ta tafi da yatsu biyu na hannun da ke harba saƙar gizo. Fuskar yaron kuwa kore shar, har leɓe. Mai bugawa ya leƙa laftof ɗina ya nuna min wai fitilar dare ce a kunne, wadda ke mayar da sikirin ruwan lemo don kar ido ya gaji, wai jan da na yi ta gogewa ba a fuskar yaron yake ba. Ni dai har yau injinsa nake zargi.

A hanya na shirya hujjojina tsaf, don abin da na fi kowa a gidanmu shi ne tarihin komik. Yaya na warware fostar ta ce innalillahi, me ya samu ɗana? Na ce Yaya kwantar da hankalinki, Hulk ɗin da duniya ta sani kore, a fitowarsa ta farko a 1962 ruwan toka ne, haka marubucinsa Stan Lee ya so shi, sai masu bugawa suka kasa riƙe kalar, wani shafi ya yi duhu wani ya yi haske, a fitowa ta biyu aka mayar da shi kore, kin ga matsalar ɗab'i ce ta yi masa suna. Kuma fim ɗin zanen Spider-Man na 2018 da gangan suka cika shi da ɗige-ɗige da kalolin da suka zame daga layi don ya yi kama da tsohon bugu, har Oscar ya ci. Ta ce to shi ma da gangan suka yanke masa yatsu?

Ban kai ga amsa ba yaron ya shigo. Shekararsa bakwai. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, hannu a baya, sannan ya ce Kawu, Minecraft ne, gem ɗin nan da komai bulo-bulo ne? Na ce a'a kai ne, Spider-Man. Ya ce to me ya kawo tambarin Batman, Batman na DC ne a Gotham yake, Spider-Man na Marvel ne a New York. Na ce ai sun taɓa haɗuwa a komik ɗaya a 1995. Ya ce lokacin ba a haife shi ba saboda haka ba ruwansa. Ya ƙara matsowa ya ce wuyan kuma na waye?

Na ɗauka za a naɗe ta a cusa ƙarƙashin gado, ashe yaron ya ja abokansa sun zo kallo, suka ga koriyar fuska suka laƙaba masa Hulk, shi kuma sunan ya yi masa daɗi ya manta da Spider-Man gaba ɗaya. Yanzu ba ya tafiya sai da kumbura kafaɗa yana gurnani, duk abin da ya samu sai ya maka da ƙasa. Jiya rimot ɗin talabijin ya raba biyu, Yaya ta ɗauki hoton ta turo min ko kalma ɗaya ba ta rubuta ba. Na ce Yaya hoton bai fito sosai ba, sake turowa a matsayin fayil. Ta yi blokin ɗina.