Ɗan anformatik a Maraɗi da na Faransa: bambancin ba a aji yake ba

Da zarar sakamakon BAC, jarrabawar ƙarshen sakandare, ya fito, ƙanne daga unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo na Maraɗi sai su cika mini waya da tambaya ɗaya: "Yaya, ina zan samu bursi in fita in karanta anformatik?" Wato ilimin kwamfuta. Ba na hana kowa fita. Amma abin da suke zaton za su tarar a waje, ba shi ne ke canza mutum ba.

Karatun kusan ɗaya ne. Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, da ake koyarwa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi shi ne ake koyarwa nan Faransa inda nake zaune, tsarin ma guda: lisansi shekara 3, masta shekara 2. Wuta da intanet kam akwai tazara, wanda ya ga yadda gari ya zama a 2023 da Najeriya ta yanke wuta ba ya buƙatar bayani. Sai dai wannan matsalar kayan aiki ce, kuɗi na maganinta.

Inda aka bar mu shi ne wa ɗalibi ke gani a gabansa. A Faransa doka ta ce sitaj (koyon aiki a kamfani) da ya wuce wata 2 sai an biya ɗalibi, kuma kamfani ya ware masa mai kula da shi. Ga kuma tsarin da ɗalibi ke raba lokacinsa tsakanin makaranta da kamfani, yana karɓar albashi. Yaro zai zauna kusa da wanda ya daɗe a tsaron intanet ko sarrafa bayanai, ya ga yadda yake tunani, a duba masa aikinsa layi-layi, a ce nan ka yi kuskure, sake. Kafin shekara ta zagayo ya san reshen da yake so, ya san matakan hawa. Takwaransa na gida, wanda sau da yawa ma ya fi shi kai, in ka tambaye shi burinsa sai ya ce aikin gwamnati, ko banki, ko wata ƙungiyar agaji. Can kuma a mayar da shi mai gyaran na'urar buga takardu. Ba laifinsa ba ne, iyakar abin da ya gani ke nan.

Abin mamaki, Maraɗi ta fi kowa sanin wannan. Alhazan garin nawa ne suka fara a yaran shago? Ubangida ya nuna maka hanyar Kano, ya haɗa ka da mutanensa, ya jarraba amanarka, sannan ya sallame ka da jari. Ilimin kwamfuta ne kawai ba mu yi wa iyayengida ba tukuna.

Sai dai jagoran waje yana da nasa aibin, kuma mu da ke nan ba mu cika faɗa ba. Mai koya maka aiki yana ɗora maka burinsa ne. Sannu a hankali matsalolin bankunan Turai su zama su ne "manyan matsaloli" a idonka. Babu wanda zai ce maka ɗan kasuwar da ke shigo da kaya ta Ɗan Isa har yanzu a littafi yake rubuta bashi, ko kuma abokan cinikinsa ba sa karanta Faransanci, saƙon murya suke aikawa a WhatsApp da Hausa.

Shi ya sa nake tura ƙanne su leƙa abin da ke cikin Afirka ma. Taron masana ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta na Deep Learning Indaba ya fara a 2017 a Afirka ta Kudu, shirin masta na AMMI a wannan fanni ya buɗe a Kigali a 2018, ƴan ƙungiyar Masakhane kuma tun 2019 suke aiki kan koya wa kwamfuta harsunanmu, har da Hausa. Galibi da Ingilishi ake yi, amma ɗan Maraɗi da ke maƙwabtaka da Katsina ba shi da uzuri.

Wanda ya samu bursin Maroko ko Turkiyya ya tafi, Allah ya ba da sa'a. Kafin ya zaɓi makaranta dai ya tambayi tsofaffin ɗalibanta: ana tura mutane sitaj? Wa ke duba aikin? Wanda kuma ya tsaya gida, ya samu wani Alhaji mai sito, ya roƙi wata 3 ya tsara masa lissafin kaya, ya turo mana aikin mu duba masa. Alhaji kuma don Allah ya biya yaron, ko da kuɗin man babur ne.