Biyar A Gida, Shida A Makaranta

Masu kirana tun jiya kuna tambayar abin da ya faru a ofishin shugabar makaranta, ga shi nan na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in huta. Na san an riga an kai muku labarin har da ƙarin gishiri, kuma na san wanda ya kai.

Kun san Maman Abba tana jego, ko arba'in ba ta yi ba. Da maganar shigar Abba aji ɗaya ta taso sai na bugi ƙirji na ce a bar min komai. Ta kalle ni ta ce, "Tooo, Allah Ya ba da sa'a." Da na lura da yadda ta ja "to" ɗin nan, da na shiga taitayina.

Sayayya ba ta ba ni wahala ba. Asabar ɗaya muka zaga Terminus da ke tsakiyar Jos, muna bin shagunan gefe tunda babbar kasuwar ba ta sake tashi ba tun gobarar 2002. Jaka, safa, fensir dozin guda, littattafan 2A da 2B. Muka hau keke zuwa Katako na tsinto masa suwaita a gwanjo, don sanyin safiyar Jos ba ya tausayin ɗan aji ɗaya. Takalmi kuwa na ɗauki wanda ya fi ƙafarsa da lamba biyu, na cusa takarda a gaba. Yaro ai girma yake yi.

Sai karatu. Da na karɓi fom sun ce a zo da shi ranar Litinin a gwada shi, a ga ko aji ɗaya ya dace da shi ko a mayar da shi nazare. Sati uku kullum bayan magariba muna kan tabarma. Haruffa, ƙirga har hamsin, yadda ake riƙe fensir ba kamar muciya ba, jihohi 36 da manyan biranensu. Wannan na ƙarshen ya haddace shi tsaf, sai dai a jere kawai yake iya kawo shi. In ka ce masa mene ne babban birnin Filato, garin da aka haife shi, sai ya faro daga Abiya, kuma Filato ita ce ta 31 a layi. Yana zuwa Ebonyi yake kakarewa, sai ya koma Abiya ya sake ɗauko hanya.

Matsala ɗaya ce. Shekara shida ake shiga firamare, shi kuwa Abba sai watan Disamba zai cika shida. Na ce ba zan biya kuɗin nazare na shekara guda cur saboda wata uku ba. Na zaunar da shi na ce, "In aka tambaye ka shekarunka, ka ce shida. Da Turanci kuma siks." Muka yi ta maimaitawa har cikin wanka. Na yi masa alkawarin yogot in ya faɗa daidai.

Ranar Litinin muka isa ƙarfe bakwai da rabi, ana yayyafi. Iyaye a jere a kan benci a bakin ofis, ƙofa a buɗe, duk abin da aka faɗa ciki ana ji a waje. Wa zan gani a kan bencin, daf da ƙofa? Maƙwabcina mai jar mota, shi da 'yarsa.

Bari in tsaya a kan mutumin nan kaɗan. Tun kafin azumin bara ya ari tsanina zai gyara dish, ya ce yanzu-yanzu zai dawo da shi. Sau huɗu ina aika yara. Na farko aka ce ya fita, na biyu aka ce yana barci, na uku aka ce ƙaninsa ya tafi da shi Bukuru, na huɗu matarsa ta leƙo ta ce wane tsani. Tsanin ƙarfe ne fa, ba na katako ba, ni na kai wa mai walda da kaina na tsaya a kansa har ya gama. Rannan ina wucewa na hango shi a jingine a bayan gidansa, an shanya bargo a kai. Kuma duk da haka in mun haɗu a masallaci shi ne mai fara miƙo hannu da fara'a, "Baban Abba, kwana biyu!" Wannan mutumin Allah Ya zaɓa ya zama shaida.

Aka kira mu. Shugabar dattijuwa ce, gilashi a kan karan hanci, murya a ƙasa-ƙasa. Ta gaishe shi da Turanci, ya amsa. Ta tambayi sunansa, ya faɗa har da na kakansa. Haruffa ya kai ƙarshe ba tuntuɓe. Na gyara zama, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yadda na waje za su hango.

Sai ta tambayi shekarunsa.

Abba ya yi shiru. Ya juyo ya kalle ni. Na saki hannu ƙasan tebur ina nuna masa yatsu shida, alhali waya na hannun dama, makulli na hagu, ni kaina ban san nawa na nuna ba. Ta ɗauka Turancin ne ya shige masa duhu, sai ta sauko Hausa. "Yarona, shekarunka nawa?"

Ya ce, "Na gida ko na makaranta?"

Wallahi na ji maganar ta fito, amma sai na ga kamar daga rediyo take. Ta sauke gilashin kaɗan. "Au, akwai na gida daban?"

"Eh. A gida biyar ne. Amma Baba ya ce in mun zo nan shida ne." Ya juyo gare ni, fuska a sake, da murya irin wadda na koya masa ta ɗaga kai a yi magana da ƙarfi kada a ji kunya. "Baba, na faɗa daidai? Za ka sai min yogot ɗin?"

A waje wata mata ta fashe da dariya har da tari. Ƙafata da ke sama ta sauko da kanta. Shugabar ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ta buɗe fayil a hankali, ta lashi yatsa, ta juya shafi ɗaya, ta juya na biyu, ta zaro takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya. Takardar da ni da hannuna na liƙa a jikin fom ɗin. Ta ajiye ta a gabana, ta juyo min da ita yadda zan iya karantawa. Ta ce, "Baban Abba, mu duk yaron da zai cika shida kafin hutun Disamba muna ɗaukarsa. Yana rubuce a bayan fom."

Ban taɓa juya bayan fom ɗin ba. Ashe sati uku ina koya wa yaro ƙaryar da ba wanda ya buƙace ta.

Mai hankali a nan zai yi godiya ya fita. Ni kuwa sai na ga ya kamata in wanke kaina. Na ce, "Madam, ai har taken ƙasa ya iya." Ba wanda ya tambaye ni. Abba ya diro daga kujera, ya ƙame, takalmi ya yi gaba ƙafa ta tsaya, ya ɗauko waƙa. Ta bar shi har ya dire. Kafin ta buɗe baki sai ga murya daga bakin ƙofa:

"Baban Abba, ai wannan an canza shi tun 29 ga Mayun 2024!"

Mai tsani. Har da kwanan wata.

Kuma na sani fa. Ranar da Tinubu ya sa hannu aka dawo da na 1960, wanda aka ajiye a 1978, ina cikin masu zafafa gardama a teburin mai shayi. Amma da na zauna koyar da yaro, wanda aka cusa min a filin asambuli shi bakina ya kawo, ko a jikina.

Shugabar ta ce, "Ba komai. Ja masa baki na yanzun ya ji."

Na miƙe tsaye. Don me na miƙe, har yau ban sani ba. Layin farko ya fito lafiya. Daga nan sai na koma motsa leɓe da gunaguni, kamar wanda ya bi liman sallar azahar. Ina kallon kalanda, ina kallon silin, Abba yana kallon bakina yana jiran kalmomi. Sai 'yar mai tsani, yarinyar da kanta bai kai hannun ƙofa ba, ta kama daga inda na saki ta kai shi ƙarshe. Mai gadi ma da ke wucewa da tsintsiya sai da ya tsaya ya ƙame. Uban ya dafa kanta yana cewa, "Ai a gida muke ɗan taɓawa."

An dai ɗauki Abba. Yogot kuma na saya, guda biyu ma, ɗaya na toshiyar baki, amma bai yi amfani ba: kafin mu iso gida Maman Abba ta samu labari a waya. Muna shiga ta ce, "Sannu da zuwa. Shayi zan haɗa maka, na gida ko na makaranta?"

Da yamma na aika a karɓo tsani, aka ce ya fita. Shi kuma Abba yana ta ƙorafin takalmi na cin yatsarsa, na duba na ga takardar ce ta jiƙe ta dunƙule. Gobe sai in gwada auduga.