Wa zai biya lauyan talaka a Damagaram?

Wani marubuci ya ce aikin lauyan kare haƙƙin ɗan Adam yana da makoma mai kyau, amma bai faɗi wanda zai biya shi ba. A nan Damagaram muna da kotun ɗaukaka ƙara, sai dai yawancin lauyoyi suna Yamai, kuma waɗanda suka fi buƙatarsu, musamman mutanen da ke gidan kaso suna jiran shari'a, ba su da abin ɗaukar lauya. Ko Hadijatou Mani da ta yi nasara a kotun CEDEAO (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma) a 2008 kan bautar da ita, da tallafin ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta kai can, ga shi kuma Nijar ta fice daga CEDEAO a 2025. To, matashinmu da ya zaɓi wannan hanya, da me zai riƙe iyalinsa?